Hoto yana yagewa a Xfce bayan na haɗa allo na biyu

Sagir ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin Linux, musamman masu amfani da Xfce, wato tsarin tebur da tagogi na Linux, tare da katin hoto na NVIDIA. Na daɗe ina aiki da allo ɗaya mai saurin 60 Hz, wato mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ba tare da wata matsala ba, amma tun da na haɗa masa na biyu mai saurin 144 Hz, duk lokacin da na ja taga da linzami ko na gangara ƙasa a shafin intanet sai in ga wani layi a kwance yana raba hoton biyu, kamar an yaga takarda an mayar da ita ba daidai ba. Abin ya fi muni idan na buɗe bidiyo ya cika allo.

Na karanta cewa manhajar picom tana maganin wannan, don haka na girka ta, na kwafo saitin wani na sa, na kuma umarce ta da ta riƙa tashi tare da kwamfutar. Yanzu ba na ma iya faɗin halin da ake ciki, domin wata rana yagewar tana raguwa amma inuwa mai kusurwa huɗu ta kewaye jerin zaɓi, wata rana kuma inuwar ta ɓace yagewar ta dawo, alhali ban taɓa komai ba. Shin katin ne ya fara lalacewa?

Malam Habibu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Ka kwantar da hankalinka game da katin, domin katin da ya lalace yakan watsa ɗigo-ɗigo masu launi ko ya daskarar da kwamfutar gaba ɗaya, ba ya fitar da layi guda mai tsabta irin wanda ka bayyana. Wannan layin yana fitowa ne idan allo yana tsakiyar zana hoto daga sama zuwa ƙasa sai katin ya sauya masa hoton da sabo, ta yadda rabin sama tsohon hoto ne, rabin ƙasa sabo. Aikin kwamfozita, wato manhajar da ke tattara hotunan tagogi ta haɗa su hoto ɗaya, shi ne ta jira allo ya gama zane kafin ta miƙa masa na gaba.

Kafin ka ƙara taɓa kowane saiti, ka buɗe tagar umarni ka rubuta `glxinfo | grep "OpenGL renderer"`. Idan amsar ta ambaci sunan katinka, direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, yana aiki. Idan kuwa ka ga kalmar llvmpipe, to babu ruwan katin a zanen da kake gani, ƙwaƙwalwar kwamfutar (CPU) ce take yin aikin da kanta, kuma babu saitin da zai gyara hakan sai an sake girka direba. Wannan yakan faru bayan an sabunta kanel, wato jigon tsarin Linux, idan direban bai ginu a kansa ba.

Batun sauyawar da kake gani daga rana zuwa rana kuwa, ina da tabbacin daga ina take. Manajan tagogi na Xfce, wato xfwm4, yana da tasa kwamfozita a ciki, ita ma picom kwamfozita ce, kuma X11, tsarin da ke nuna tagogi a allo, ba ya barin biyu su yi aiki lokaci guda a kan fuska ɗaya: wadda ta riga tashi ita ke riƙe wurin, ɗayar ta haƙura. Ranar da picom ta riga, sai ka ga inuwar nan, wadda ke fitowa saboda manhajojin da aka gina da GTK, kayan haɗa tagogi da maɓallai, suna barin wani gefe da ba a gani a kewayen tagoginsu, ita kuma picom ta zana inuwa a kan gefen. Ranar da xfwm4 ya riga, sai ka koma gidan jiya. Ka cire picom daga jerin masu tashi tare da kwamfutar tukuna, ba don ba ta da kyau ba, sai don ba a gano cuta alhali ana shan magani biyu.

Bayan haka ka gwada `xfwm4 --replace --vblank=glx`, ka ja taga ka duba, sannan ka sake gwadawa da `xpresent` a madadin `glx`. Waɗannan hanyoyi biyu na jiran allo ya gama zane sun shigo ne da Xfce 4.14 a shekarar 2019, kuma wadda ta dace da wani kati ba lallai ta dace da wani ba. Akwai kuma zaɓi a shafin kwamfozita na saitin manajan tagogi wanda ke barin taga mai cika allo ta wuce kai tsaye ba tare da bi ta kwamfozita ba. Ka cire masa alama, domin shi ne dalilin da ya sa bidiyonka ya fi yagewa.

Aminu ya rubuta:

Bayanin Malam Habibu daidai ne, sai dai ina ganin hanyar ta yi tsawo. Ka buɗe nvidia-settings, ka shiga sashen tsara alluna, ka kunna ForceFullCompositionPipeline ga kowane allo, sannan ka adana saitin a fayil ɗin xorg.conf domin kada ya ɓace idan ka kashe kwamfutar. Ni da wannan na rabu da yagewa.

Rukayya ta rubuta:

Malam Aminu, shawararka tana aiki, amma ya kamata a faɗa wa mai tambaya abin da zai biya. Wannan zaɓi yana sa direban ya sake bi da kowane hoto ta wani mataki kafin ya kai allo, kuma hakan yana ƙara ɗan jinkiri tsakanin motsin hannu da abin da ido ke gani. Wanda ya sayi allo mai 144 Hz saboda laushin motsi ya saya, don haka ni ina ajiye wannan a matsayin mafita ta ƙarshe. Idan ma za a kunna, a fara da ForceCompositionPipeline kawai, wanda ya fi sauƙi.

Abin da ba a taɓo ba tukuna shi ne bambancin saurin allunan, kuma a ganina shi ne tushen matsalar, tunda Malam Sagir ya ce ba ta fara ba sai da ya haɗa na biyu. Allo mai 60 Hz yana karɓar sabon hoto kusan kowane milisakan 16.7, mai 144 Hz kuwa kowane milisakan 6.9. Shi kuma X11, wanda aka fitar tun 1987, yana kallon allunan biyu a matsayin babban faifai guda ɗaya, ta yadda kwamfozita ba ta iya bin agogo biyu, dole ta zaɓi ɗaya. Idan ta bi mai 60, tagogi a babban allon, wato mai 144, za su yi ta tafiya da nauyi kamar ba a sauya komai ba. Idan ta bi mai 144, ƙaramin allon, wato mai 60, shi ne zai iya yagewa. Direban NVIDIA yana ba da damar zaɓar wanda za a bi ta hanyar `__GL_SYNC_DISPLAY_DEVICE`, inda ake ba shi sunan mahaɗin allon kamar yadda `xrandr` ya nuna shi, misali DP-0.

Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, ba shi da wannan takura, domin kowane allo yana tafiya da nasa agogon, kuma tun direba na 555 da ya fito a 2024 katunan NVIDIA sun fi zama lafiya a kansa. Sai dai goyon bayan Wayland da ya zo da Xfce 4.20 na gwaji ne, saboda haka wanda yake son wannan hanya a yau GNOME ko KDE Plasma zai duba, kuma ba kowa ne zai bar teburin da ya saba da shi saboda layi ɗaya ba.

Sagir ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Umarnin farko ya nuna sunan katina, don haka direban lafiya yake. Na cire picom, inuwar ta tafi ba ta dawo ba. Da `xpresent` ban ga wani sauyi ba, amma da `glx` yagewar ta ɓace daga ƙaramin allon, kuma cire alamar nan ya gyara bidiyo kamar yadda Malam Habibu ya faɗa. Sai dai na lura tagogi a babban allon suna tafiya da nauyi, sai da na ba direban sunan DP-0 kamar yadda Malama Rukayya ta nuna sannan suka saki. Yanzu ƙaramin allon yana ɗan yagewa jefi-jefi idan na ja taga da sauri a kansa, amma tunda rubutu kawai nake karantawa a can, zan iya zama da hakan.

Abin da ya rage shi ne saitin `glx` yana komawa yadda yake duk lokacin da na fita na sake shiga.

Malam Habibu ya rubuta:

Haka ne, Malam Sagir, domin umarnin da na ba ka na gwaji ne kawai, yana ƙarewa da zaman da aka yi shi. Domin ya zauna, ka rubuta `xfconf-query -c xfwm4 -p /general/vblank_mode -s glx`, sannan ka fita ka sake shiga. Shi ma sunan allon da ka ba direban, ka tabbata ka rubuta shi a fayil ɗin da ake karantawa kafin teburin ya tashi, kamar `/etc/environment`, domin idan a tagar umarni kawai ka sa shi, xfwm4 ba zai gan shi ba a shiga ta gaba.