In sayar musu da fim ɗin rawar mahautan Agege, ko in ƙarasa abina?

Ɗan Oko-Oba: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan harka. Tun bara nake ɗaukar mahautanmu na mayankar Oko-Oba idan suna rawar kalangu a bikin aure da lokacin salla, da niyyar haɗa gajeren fim na gaskiya wanda ba zai wuce minti 15 ba. Wata ƙungiya daga Turai mai tattara gajerun finafinai kan rawa da gwagwarmaya ta ga guntun da na sa a Facebook, ta yi mini tayin dala 1,500, da sharaɗin in miƙa duk abin da na ɗauka, su tace da kansu, sunana ya fito a matsayin mai ɗaukar hoto kawai. In ban karɓa ba, sai in nemi kuɗin tacewa in kai shi bikin finafinan gaskiya na iREP da ake yi a Legas. Damuwata ita ce suna so su nuna rawar a matsayin bijirewa zalunci, alhali mahautan ba su taɓa kiran ta haka ba. Sun ba ni wa'adi zuwa ƙarshen wata.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, idan da waya ka ɗauka, ka sake aikin gaba ɗaya. Na yi hayar kyamara a Ikeja kan naira 40,000 a wuni, hoton ya fita tas.

Mai Tacewa Surulere: Alhaji, wannan farashin ya daɗe da wucewa. Kyamara da na'urar ɗaukar sauti ba sa samuwa ƙasa da naira 120,000 a wuni, kuma a fim ɗin kalangu sautin ne rabin aikin. Tace minti 15 da sa fassarar Turanci a ƙasa zai ci kimanin 300,000.

Ummu Sadiya: Ɗan yayata ya tace wa ƙungiyarmu ta mata fim na minti 20 a kan 70,000, har da kiɗa.

Malama Yaba: Bai tambayi farashin kyamara ba. Damuwarsa tana da tushe. A ƙasar Brazil dokar 1890 ta haramta kafuwera, wasan da bayi 'yan Afirka da jikokinsu suka raya, ana kama mai yin ta, sai ga UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2014. Masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu sun mayar da bugun takalman roba rawa a mahaƙar da ake tauye su, kuma toyi-toyi ta zama rawar zanga-zanga a zamanin wariyar launin fata. Rawar dabka ta Falasɗinawa ma ta shiga jerin UNESCO a 2023. A waɗannan wurare masu rawar da bakinsu suke cewa gwagwarmaya suke yi. Idan mahautan Agege cewa suke yi kalangu gadonsu ne kuma abin da ke haɗa su a nesa da gida, to wannan shi ne labarin, kuma ya isa labari. Wanda ya riƙe tacewa shi ke yanke abin da fim zai ce.

Tsohon Makaɗi, Idi-Araba: Yaro, ka saurare ni, domin ni abin ya faru da ni. Wasu baƙi sun zo da ɗan jagora, suka ɗauki ƙungiyarmu muna kiɗa, suka ba mu takarda da Turanci muka dangwala, aka ba kowa abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Sun ce za su kawo mana fim ɗin mu gani, ba su dawo ba. Bayan shekaru wani ɗanmu da ke karatu a waje ya turo mana shi. Sun yanke duk inda nake bayanin wanda ya koya mini kiɗa da yadda ake yi wa kowane gida kirarinsa, suka bar kwata da bola da yara marasa riga, suka ɗora muryar wani yana cewa muna rawa ne don mu manta da yunwa. Surukaina a Katsina sun gani. 'Yata ta yi kuka, ta ce an mayar da mahaifinta almajiri a idon duniya. Abokin kiɗana ya rasu bai daina maganar ba, Allah ya jiƙansa. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, mutuncin da aka zubar ne, kuma ban san ƙofar da zan buga in kai ƙara ba.

Baban Khalifa: Amin. Baba, Allah ya saka muku. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma dala 1,500 ba abin yarwa ba ce a wannan zamani.

Mai Tacewa Surulere: Da girmamawa, Baba makaɗi ne, ba mai shirya fim ba. Matsalarsu ita ce sun sa hannu ba tare da an karanta musu ba. Ana iya ba da izinin nunawa na shekara biyu ko uku ba tare da sayar da mallaka ba, a kuma rubuta cewa sai ka ga fim ɗin kafin ya fita.

Malama Yaba: Malam, wanda aka ɗauka a fim ya fi mai tace shi haƙƙin magana a nan, tunda fuskarsa ce ke yawo. Ni ma ina da tambaya ga mai tambaya: sarkin pawa da makaɗan sun san da wannan tayin, kuma nawa ne rabonsu?

Ɗan Mile 12: A ba mahautan dala kawai, gobe kilon nama ya sauko mana, mu ma mu taka rawar.

Tsohon Makaɗi, Idi-Araba: Ba abin dariya ba ne, ɗana. Wanda bai sha ɗacin ba shi ke wasa da shi.

Abu Obalende: Ko ya yanke shawarar ƙarasawa da kansa, akwai wata wahalar. Ranar da muka fito da kyamara a bakin titi, kafin mu kafa ta 'yan tasha sun kewaye mu suna neman kuɗin ƙasa, muka biya, wasu kuma suka zo suka ce wurin ba yankin waɗanda muka biya ba ne. Da suka ji muna Hausa sai kuɗin ya ninka.

Ɗan Mile 12: Wannan gaskiya ne. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na jihar Legas a watan Yunin 2022, rabin samarin da ke yi mana rawa a biki sun koma gida bayan an kwashe baburansu. Idan ana neman fim ɗin gwagwarmaya, ga shi nan, amma wa zai ɗauka?

Ummu Sadiya: Ƙanin mijina yana cikinsu, har yau bai gama biyan bashin babur ɗin ba. Akwai wanda ya san inda ake bi a karɓo babur ɗin da aka kama?