"Yaƙi ɗan zamba ne": wa aka halatta a zambata?

Ɗan Maiurno:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, wannan karin magana ta zama abin toshe bakin mutane. A kama shafi da bidiyon bogi, masu shafin su ce ai yaƙi ɗan zamba ne. Kakaki ya ce sun kama gari, gari ya waye a ga ba haka ba, magoya baya su maimaita ta. Shin abin da magabata suka nufa ke nan? Abokin gaba ake zambata, ko talakan da ake cewa dominsa ake yaƙin?

Malam na Gadarif:
Wa alaikumus salam ɗana. Maganar tana da tushe, domin ta yi daidai da hadisin "alharbu khud'a" da ke cikin Buhari da Muslim. Sai dai malamai sun yi mata shinge. Zambar da aka yarda da ita ta fagen daga ce: kwanton ɓauna, ka nuna gabas ka ɓullo ta yamma, ka yawaita hura wuta da dare don a zaci rundunarka ta fi haka, ka ja da baya kamar an kore ka don ka jawo maƙiyi inda kake so. Abin da aka haramta shi ne warware alkawari da cutar da wanda ka ba aminci. Wannan ha'inci ne, kuma babu saɓani a kansa.

To a auna. Ranar 11 ga Mayu 2023 wakilan soja da na Da'amus Sari (Da'ama, rundunar RSF da ke yaƙi da soja) suka sa hannu a Jidda cewa za su kare farar hula, su fita daga asibitoci, su bar agaji ya wuce. Ranar 20 ga wata suka ƙara da tsagaita wuta ta kwana 7. Wanda ya sa hannu sannan ya ci gaba da zama a gidajen mutane, ko ya ci gaba da jefa bam cikin unguwa, ba shi da mafaka a wannan karin magana.

Tsohon Ɗan Jarida, Jidda:
Allah ya ƙara sani Malam. Ni ta ɓangaren sana'a zan shigo. Ku tuna wuraren da aka fara kai wa hannu: fadar shugaban ƙasa, filin jirgin Khartum, da ginin rediyo da talabijin na Umdurman, wanda ya zauna hannun Da'ama har Maris 2024. Mai rige-rigen kama makirufo ba Burhan shugaban soja ko Hamidti shugaban Da'ama yake son ruɗawa ba, kowannensu yana da masu leƙen asirinsa. Kunnuwanmu ake nema.

Mafi yawan bogin tsohon bidiyo ne aka sa wa sabon take, wani daga Libiya, wani daga Yaman ko Siriya, wani na Sudan ɗin ne amma na bara. Ga yadda ake kama shi. A tsayar da bidiyon a wurare uku ko huɗu inda hasumiyar masallaci, tankin ruwa ko allon shago ya fito sarai, a ɗauki hoton fuskar waya, a saka a Google Lens. In ya fito da kwanan wata da ya riga ranar da ake iƙirari, magana ta ƙare. In bai fito ba, kada a ce an tabbatar, domin masu wannan aiki sukan juya hoton hagu ya koma dama, su datse gefuna, su manna tambari, sai manhajar ta kasa gane shi. Daga nan sai ido ya yi aiki. An ce watan Maris ne a Kurdufan amma ga ciyawa kore shar da kududdufai, to damina ce, ba Maris ba. A duba lambar mota, a saurari karin harshen masu ihu a bayan kyamara, a duba tsawon inuwa ko ya dace da lokacin da aka faɗa.

Saƙon murya ya fi bidiyo haɗari, don ba shi da abin da za a kama. Kullum da "wani ɗan'uwana jami'i ya gaya min" yake farawa, babu suna, babu gari, babu rana. Kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙo alama ce ta ya bi hannu da yawa, ba alamar gaskiya ba. Kuma sanin murya ya daina zama hujja: a 2023 an yaɗa muryoyi a TikTok da sunan Umar al-Bashir, binciken BBC ya nuna da manhajar kwaikwayon murya aka haɗa su.

Ɗan Sinja:
Yaya, ban musa ko ɗaya ba, amma faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. "La lil harb", wato a'a ga yaƙi, tana da sauƙin faɗi daga Jidda ko Alƙahira. Sinja ta faɗa hannun Da'ama a ƙarshen Yuni 2024, ba ta dawo ba sai Nuwamba. Mutumin da aka fitar daga gidansa, aka tafi da motarsa da injin ban-ruwansa da hatsin shekara, ba talabijin ce ta zuga shi ba. Gani ya kori ji.

Kuma shingen da Malam ya kafa ya fi dacewa da zamanin dawaki. Yau maƙiyi Facebook ɗin da muke karantawa shi yake karantawa. In soja suna son Da'ama su zaci ta Jabal Moya za a bi alhali ta wata hanya ce, dole mu ma mu ji ƙaryar. Ta yaya za a raba? Sannan masu cewa a daina yaƙi su ma ba su tsira ba. Takaddum, gamayyar farar hula ƙarƙashin tsohon firaminista Hamdok, ta sa hannu da Hamidti a Adis Ababa ranar 2 ga Janairu 2024, mako biyu bayan faɗuwar Madani, mutane suna kan hanya da ƙunshin kaya a ka. Wannan ya sa da yawa suka daina sauraron su.

Malamar Makaranta, Kasala:
Ɗan'uwa, tambayarka mai nauyi ce, amma ana iya rabawa. A duba kan wa cutarwar ƙaryar take sauka. In runduna ta ɓoye hanyar da za ta bi, uwa mai 'ya'ya biyar ba ta rasa komai ba. In aka ce mata "komai lafiya, an fatattake su" alhali gari na gab da faɗuwa, an ƙwace mata kwana biyun da za ta fita cikin mutunci.

Madani ce misali. An fara faɗa a gabashin garin ranar 15 ga Disamba 2023, shafukan magoya bayan soja suna ta shelar an kori Da'ama, cikin kwana huɗu gari ya faɗi, ga shi cike da waɗanda suka gudo daga Khartum. Wanda ya fita da wuri yana samun mota a kuɗin da ya saba, ya ɗauki takardar gida, shaidar makarantar yara, maganin suga da na hawan jini. Wanda aka kwantar wa hankali da ƙarya da ƙafa yake fita, kuɗin mota ya ninka, magani ya ƙare a hanya. Ɓangaren Da'ama kuma bidiyon mayaƙa suke yi suna cewa farar hula na cikin aminci, alhali an ga kisan farar hula da ya faru a Jinaina a Yuni 2023, da Wad an-Nura a Yuni 2024, da Fashir a Oktoba 2025. Duk waɗannan ba maƙiyi aka yaudara ba, wanda ya gaskata ne ya kwana ciki.

Kawu na Damazin:
'Ya'yana, kun tsaya kan mayaƙi, alhali karin maganar ba ta ce mayaƙi ɗan zamba ne ba. Yaƙi ta ce. Shi kansa yaƙin ne mai zambar, kuma wanda ya kunna shi yake fara ci. Duk mai ɗaukar bindiga cewa yake mako ɗaya ko biyu an gama. Haka aka riƙa faɗa a Afrilu 2023. Dattawa gargaɗi suke yi da ita, ba izini suke bayarwa ba.

Wanda ya kai shekarun 1990 da wayonsa ya san shirin Sahatul Fida a talabijin, da yadda aka kwashi ɗalibai zuwa yaƙin Kudancin Sudan a cikin Difa'ush Sha'abi, mayaƙan sa-kai na gwamnatin Bashir. A Janairu 2005 aka sa hannu kan sulhu, John Garang jagoran 'yan tawayen Kudu ya zama mataimakin shugaban ƙasa na farko, a 2011 Kudu ta tafi. Manya suka raba kujeru, iyayen yaran suka rage da hotuna a bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗannan biyun na yau ma, Burhan da Hamidti, ai tare suke jiya. Gwamnatin Bashir ce ta kafa Da'ama a 2013, majalisa ta yi mata doka a 2017. Tare suke a majalisar soja lokacin da aka watsa zaman dirshan na masu zanga-zanga ranar 3 ga Yuni 2019 aka kuma rufe intanet fiye da wata guda, tare suka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Abin da ya raba su a fili shi ne shigar da Da'ama cikin soja, soja suka ce cikin shekara 2, Da'ama suka ce 10.

Mu Hausawa kuwa mun riga kowa ɗanɗana. Rikicin Nilul Azrak na Yuli 2022 ya taso daga maganar sarautar gargajiya da ƙasa, 'yan siyasa suka sa baki, aka cika Facebook da WhatsApp da kalaman cewa mu baƙi ne. A Oktoba a Wad al-Mahi an rasa fiye da mutum 200. Mutanen da kakanninsu suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yi noma a Jazira da Gadarif tsara bayan tsara, kalma ɗaya ta mayar da su abin farauta. Shi ya sa ina roƙonku ku kiyayi laƙabi: fulul da kezan (mutanen gwamnatin Bashir), gahata ('yan gamayyar farar hula), balabsa (masu goyon soja su ci gaba da yaƙi), muta'awin (mai haɗa kai da maƙiyi). Da zarar an liƙa wa mutum ɗaya, an daina tambayar me ya aikata.

Hajiya Mai Takiya, Umdurman:
Kawu, gaskiya ka faɗa, amma ina jin tsoron inda yaranmu ke kai ta. Sai su ce kowa maƙaryaci ne, su naɗe hannu. Mai yaɗa ƙarya ba lallai yake son a gaskata shi ba, in ka daina gaskata kowa ma ya ci riba, don ranar da aka kawo shaidar kisan gilla ta gaskiya za ka ce ita ma bogi ce.

Ƙin yaƙi na zahiri a takiya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, da ɗakunan agajin gaggawa yake, waɗanda suka tsiro daga kwamitocin unguwanni. Kuma abin da ke riƙe su amana ce da ake iya dubawa. A manna takarda a bango kullum: kuɗin da ya shigo ta Bankak (manhajar tura kuɗi ta waya), abin da aka saya, farashinsa, gidajen da suka karɓa. A rubuta gida da yawan bakunansa, kada a rubuta ƙabila ko garin asali, domin takardar tana iya faɗawa hannun masu bindiga. Kilo ɗaya na adas (wani ƙaramin wake), in an tsinka shi da albasa da mai, yakan kai mutum 12 zuwa 15 da burodi, da wannan ake lissafin buhu. A ajiye busasshen abinci na mako biyu a gidaje daban-daban, ba wuri ɗaya ba. A Fabrairu 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, Bankak ya tsaya, tukwane da yawa suka sauka daga wuta, sai waɗanda suke da ajiya ko suka samu intanet ɗin tauraron ɗan adam na Starlink na haya. Kada a kafa tutar kowa, kada a karɓi buhun da sharaɗinsa a ɗauki hoto da kwamanda. Kada a sa fuskar masu dafawa a intanet, don a irtikaz, wato shingen masu bindiga, waya ake fara bincikawa, kuma ɓangarorin biyu duk sun kama 'yan sa-kai da zargin yi wa ɗayan aiki.

Ɗan Sinja:
Hajiya, Allah ya saka. Malama, na karɓi maganarki a kan labarin da mutum zai yanke shawarar fita ko zama da shi, wannan babu mai ikon yi masa ƙarya. Amma ina nan kan bakana cewa akwai gaskiyar da yaɗa ta kisa ne, kamar wurin da soja suka kafa ko motar agaji ta kwana. Yaya na Jidda, ta yaya za a gaya wa mutane hanya ta buɗe ba tare da an nuna wa jirgi maras matuƙi inda zai sauka ba?

Tsohon Ɗan Jarida, Jidda:
Labarin hanya ba a sa shi a shafi na kowa da kowa, ƙanena. A tabbatar da shi daga mutum biyu da ba su san juna ba, kuma kowannensu ya bi hanyar da kansa cikin awa 24, direba ya fi. A rubuta rana da awa a farkon saƙon, domin hanyar da take lafiya da safe tana iya rufewa da la'asar, kuma saƙon da babu kwanan wata yakan dawo bayan wata uku ya kai mutane cikin wuta. A faɗi abin da matafiyi ke buƙata kawai: an wuce ko ba a wuce ba, irtikaz nawa ne, wace takarda ake tambaya, nawa ne kuɗin mota, ina ake samun ruwa. Kada a faɗi yawan mayaƙa ko irin makamansu, kada a haɗa da hoto ko alamar taswira. A tura wa mai tafiyar kai tsaye, shi kuma ya goge kafin ya isa shingen farko. In ya sauka lafiya ya kira wanda ya ba shi labarin, don a san ko za a ba na bayansa.