Borrow da lend: ya zan fahimtar da yaron ɗan Caina alhali ni ma ina kwafsawa?

Abba_Xiaobei:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Turanci da masu jin Sinanci ku kawo ɗauki, yau na sha kunya wlh. Ina zaune a Guangzhou wajen Xiaobei shekara ta uku kenan, akwai wani mai shago da muke sarin kayan waya a wurinsa tun zuwana, mutumin kirki ne, to ɗansa mai shekara 14 yana shirin zhongkao, jarabawar da suke yi ta shiga babbar sakandare, sai uban ya roƙe ni in riƙa duba masa aikin Turanci idan na leƙo shagon, ba don kuɗi ba, mutunci ne kawai, shi a tunaninsa duk wanda ya fito daga Najeriya ai Turanci a bakinsa aka haife shi. Jiya yaron ya nuna min abin da ya rubuta, "Can you borrow me your dictionary", na karanta na ce daidai ne har da jinjina masa. Yau sai ga shi da takardar, malamarsu ta zagaye borrow da jan biro ta rubuta lend a sama. Uban bai ce uffan ba, shayi kawai ya zuba min, amma kallon da ya min ya ishe ni.

Ni dai tun firamare "borrow me your biro" muke cewa kuma babu wanda ya taɓa tsayar da ni. Mene ne ainihin bambancin, kuma ta wace hanya zan bi yaron ya gane, tunda na lura duka biyun da kalma ɗaya yake fassara su a yarensu?

Malam_Na_Zazzau:
Wa alaikumus salam Abba. Kar ka damu, shekaruna da yawa ina koyar da Turanci a sakandare kuma duk aji sai na yi wannan yaƙin. Abin da za ka duba shi ne ina kayan ya nufa. Idan hannunka ne ke karɓa, borrow ne. Idan hannunka ne ke miƙawa, lend ne. Yaron yana da hanya biyu, ko ya ce "Can I borrow your dictionary?" ko ya ce "Can you lend me your dictionary?", ma'ana ɗaya ce, wanda ke yin aikin ne kawai ya canza.

Borrow ba ya ɗaukar mutum a bayansa kai tsaye, kaya yake ɗauka, mutumin sai an sa masa from, "I borrowed it from Musa". Idan ka ce wa Bature borrow me, a zahirin magana kai ɗin kanka kake cewa a ɗauka a tafi da kai a dawo da kai anjima. Shi kuwa lend yana ɗaukar mutum, "lend me the book" ko "lend the book to me". Ka kuma ja masa kunne cewa na baya lent ne ba lended ba. Akwai loan ma, mutanen Amurka suna yawan sa shi a wurin lend, amma a yanzu kar ka cika masa kai.

Sani_Yiwu:
Malam ya gama magana ta ɓangaren Turanci, bari in ƙara ta ɓangaren Sinanci don nan ne tushen matsalar. Kalmar da yaron ke gani a kansa ita ce 借, jiè, kuma ita kaɗai ke yin aikin duka biyun, har jimla irin "wǒ jiè tā yì běn shū" su kansu tana iya ruɗa su, ko na ara masa littafi ko na ari littafi a wurinsa, sai yanayin hira ya raba gardama. Yara kuma a aji "jiè wǒ yíxià" suke ce wa juna, wato ara min kaɗan, to ka ga idan ya ɗauki kalma bayan kalma ai borrow me zai faɗa dole.

Kuma Abba ka lura mu ma haka Hausarmu take, shi ya sa idonka ya wuce kuskuren. Ara min, na ara masa, na ari nasa, na aro a wurinsa, duk tushe ɗaya ne, wa ko masa ko min ne ke juya maganar. Su ma haka, idan suka sa gěi, jiè gěi, bayarwa ne, idan suka sa gēn ko xiàng kafin sunan mutumin, karɓa ne. Saboda haka ce masa kawai, duk inda zai iya cusa gěi maganar ta zauna, lend ne. Inda gēn ko xiàng ya shiga, borrow from ne. A ƙamus ɗinsu ma za ka ga an rubuta jièchū a gaban lend, jièrù a gaban borrow, fita da shiga kenan.

Tunda zhongkao zai yi, akwai tarko na uku da malamansu ke matuƙar so, keep. Ba sa yarda da "I have borrowed the book for two weeks", wai borrow aiki ne na lokaci guda, ka karɓa ya ƙare, sai dai "I have kept the book for two weeks", haka ma "How long can I keep it?". Sannan su suna aron abubuwan da Bature ba ya ara, banɗaki ma jièyòng suke cewa, a Turanci kuwa use ne, sai kuma jièguò da za ka ji a jirgin ƙasa in mutum na son ka matsa masa, aron hanya kenan a zahiri, a Turanci excuse me ne kawai.

Hajiya_Kwari:
Hhhh Abba sannu, Allah ya sa shayin da zafi ka sha. Ni abin da ke ban haushi da Turancin nan shi ne an zo an takura mana a kan wa ya miƙa wa ya karɓa, amma babban abin an bar shi. Mu ai aro daban rance daban. Ka ari tabarma, ita ɗin dai za ka mayar. Ka ranci kuɗi ko kwanon shinkafa, ka ci ka kashe, madadinsa za ka biya. Bashi kuma ga shi nan, hanji ne yana cikin kowa. Su Turawa duk borrow ne, tabarma da miliyan ɗaya.

Kuma abin ba na jarabawa ba ne kaɗai, ni ya taɓa cin min kwana biyu. Yarinyar da ke haɗa min atamfa da leshi a can ta turo min a WeChat "last time I borrow you 2000", na tashi hankalina na hau duba littafi ina neman ranar da na ba ta kuɗi, har na fara murna ina bin ta, ashe ita ce ta cika min kuɗin kaya da nawa bai kai ba, ni ake bi. Tun daga ranar na daina wannan Turancin da ita, sai in rubuta "I owe you" ko "you owe me" in sa lamba, magana ta ƙare.

Dan_Sabon_Gari:
Ni fa gsky ban ga laifin borrow me ba, daga Legas har Maiduguri kowa na faɗa kowa na ganewa, Turancinmu ne.

Malam_Na_Zazzau:
A kasuwa ka faɗi abinka babu mai kama ka. Amma yaron nan ba a Sabon Gari zai zauna jarabawa ba, kai ma da WAEC ka rubuta haka da ka ga jan biro.

Abba_Xiaobei:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma shagon da yamma na gwada dabarar Sani, na ɗauki caja a kan kanta ina miƙa masa ina karɓa, in na ce gěi ya ce lend, in na ce gēn ya ce borrow from, ko minti goma ba mu yi ba ya kama, har ya koma yana gyara wa babansa. Na keep ɗin ma ashe yana cikin littafinsu, shi ya nuna min shafin. Na kuma faɗa wa uban gaskiya cewa a yarenmu ma kalma ɗaya ce kamar tasu, ya yi ta dariya ya ƙara min shayi, sai na ce masa ai sunan shayin ma aro ne, chá ɗinsu ne ya biyo ta bakin Larabawa ya iso mana. Yaron ya ɗan yi shiru sannan ya ce to su ne suka yi lend mu muka yi borrow, yaushe za mu dawo musu da shi.

Malam saura rent, don na ga shi ma zū ɗaya suke ce wa mai gida da ɗan haya, shi ma akwai jan biro a ciki ko in bar shi haka?