Za a haɗe hukumarmu da wata: in ajiye aiki tun da wuri ko in jira?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai abokan aikina a gidan nan.

Ni ma'aikaci ne a wata hukuma ta gwamnatin tarayya, a ofishinmu na shiyya, sashen mulki, mataki na 10. Shekarata 17 a aiki, shekaruna 46 a duniya, mata ɗaya da yara biyar. Hukumarmu tana cikin waɗanda aka lissafa za a haɗe da wata, kuma tun daga ranar hankalin kowa bai kwanta ba. Kwanan nan takarda ta zo daga hedikwata cewa za a yi tantancewar ma'aikata, kowa ya zo da takardunsa na asali. Iyakar abin da takardar ta ce ke nan, amma a ofis kowa da tasa fassarar. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce wai hukuma ɗaya ba ta buƙatar sashen mulki biyu da sashen kuɗi biyu, don haka mu za a fara zaftarewa.

Yayana yana harkar hatsi a Dawanau. Ya daɗe yana min faɗa a kan albashin da ba ya kai ni tsakiyar wata. Yanzu ya ce in rubuta takardar ajiye aiki da mutuncina kafin a kore ni, in karɓi kuɗin fanshona in zuba jari tare da shi tunda kaka ta kusa. Ina da bashin banki da ake cira daga albashi, saura wata 14. Sannan a fayil ɗina an rubuta 1979 a shekarar haihuwa, a NIN kuma 1981.

Masu sani ku ba ni shawara, Allah ya saka da alheri.

Tsohon jami'in mulki, mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka rubuta takardar nan. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, garambawul iri-iri sun wuce ta kaina, kuma ban taɓa ganin wanda ya gudu tun kafin a kira sunansa ya ci riba ba.

Ka san tushen maganar tukuna. Wannan haɗe-haɗen daga rahoton Oronsaye ya fito, wato rahoton kwamitin rage hukumomin gwamnati da Stephen Oronsaye ya shugabanta. Jonathan ne ya kafa kwamitin a 2011, suka miƙa rahoto a 2012. Sun ƙirga hukumomi da cibiyoyin tarayya 541, suka ce a cikin 263 da doka ta kafa a rage su koma 161. Da takardar matsayin gwamnati ta fito a 2014, yawancin shawarwarin watsi aka yi da su. Buhari ya zo ya kafa nasa kwamitocin a kan rahoton. Sai a Fabrairun 2024 majalisar zartarwa ta Tinubu ta amince a aiwatar, aka ambaci irin su Rediyon Najeriya da Muryar Najeriya, da hukumar agajin gaggawa NEMA da hukumar 'yan gudun hijira, aka ba kwamiti mako 12. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya fito ya ce ba korar ma'aikata ake nufi ba. Ban ce ka ɗora rayuwarka a kan maganar minista ba. Amma ka duba: shekara 12 rahoton ya yi kafin a ce ma an amince. Dalili kuwa, hukumar da doka ta kafa ba a rushe ta da sanarwa, sai majalisar dokoki ta gyara dokar, kuma kowace hukuma tana da masu tsaya mata a can.

In ma an haɗe ɗin, kujerun sama ne suke fara cin karo: shugaba biyu, daraktoci bibbiyu. Kai a mataki na 10, abin da ya fi kusa da kai shi ne canjin wurin aiki, a ce ka koma Abuja ko wata jiha. Wannan ka shirya masa.

Wanda ya ajiye da hannunsa ya sauƙaƙe wa gwamnati aiki, ba ta binsa komai, shi ma ba ya binta kuɗin sallama. Wanda aka sallama shi ne yake da bakin magana.

Mai aiki a harkar fansho:
Malam, yayanka da kyakkyawar niyya yake, amma lissafinsa na tsohon tsari ne. Kai bayan 2004 aka ɗauke ka, don haka kana kan tsarin karo-karo kacokan: a dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a asusunka. Wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ko shi ya ajiye ko sallamarsa aka yi, sai ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, sannan zai iya neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun. Ragowar sai ya cika 50. A nan ɗin ma ba dunƙule za a miƙo maka duka ba, wani kaso ne a dunƙule, saura a riƙa biyanka wata-wata.

Ka je kamfanin fanshonka gobe ka ce su buga maka bayanin asusunka. Ka raba jimillar gida huɗu, ka ɗauki kashi ɗaya, ka cire bashin banki na wata 14, ka cire cefanen wata huɗu da za ka yi ba albashi. Abin da ya rage shi ne jarin da za ka kai Dawanau, kuma kafin ya zo hannunka kakar ta wuce. Ka kuma duba takardar da kyau, wata bayan wata, ko akwai watannin da aka cire maka ba a zuba ba. Yana faruwa sosai, kuma bin sawunsa ya fi sauƙi kana cikin aiki.

Ɗan kasuwa daga Kano:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Ku ma'aikata kun mayar da aikin gwamnati kamar gadon gida. Ka je ofis ƙarfe goma ka tarar mutum shida a ɗaki ɗaya, biyu suna karanta jarida, sauran suna waya, fayil ɗinka kuma sai an yi sati ana nema. Ga ma'aikatan bogi. Kasafin kuɗi yana ƙarewa a albashi da biyan bashi, asibiti ba magani. Dole a rage wata rana. Malam ka fito kasuwa tun da sauran ƙarfinka, arziki ba a ofis kaɗai yake ba.

Ɗan ƙungiyar ƙwadago:
Alhaji, ma'aikacin bogi ba masinja ne yake ƙirƙirarsa ba, wanda yake riƙe da takardar biyan albashi ne. Tun 2007 aka kawo IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya ta kwamfuta, don a toshe wannan ƙofar, kuma har yau ana ta tantancewa. In ragewa ake so a yi da gaske a fara daga masu ba da shawara da mataimakan mataimaka da jerin gwanon motoci. Kuma ofishin da ka ga mutum shida ba aiki, ka leƙa asibitin karkara ka ga malamar jinya ɗaya tana riƙe da ɗaki guda cikin dare. Rabon ne ya lalace.

Amma kai mai tambaya, duk da na yarda da Baba kada ka ajiye, kada kuma ka miƙe ƙafa. Jiha ta nuna mana abin yana iya zuwa farat ɗaya. A Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. A Afrilun 2021 aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta tsayar da garin cik a watan Mayu, ba wuta ba jirgin ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka riƙa zuwa taron ƙungiya. In ta kai ga sallama, ƙungiya ce take zama a yi cinikin abin da za a ba kowa, kuma waɗanda ba sa zuwa taro su ne suka fi kowa ihu daga baya.

Tsohon direban gwamnati:
Ni abin ya taɓa cina. Lokacin rage ma'aikatan tarayya na 2006 ina mataki na 4, mu direbobi da masinjoji da masu shara da masu gadi aka fara da mu, aka ce aikinmu 'yan kwangila za a ba. An kuma haɗa da waɗanda takardunsu ba su cika ba da masu laifi a fayil. An ba mu kuɗin sallama, amma sai da muka sha jira da zirga-zirga. Da kuɗin suka zo, kowa ya ji labari, mai biki da mai suna da mai rashin lafiya duk sun san ƙofar gidana. Abin da ya tsira shi ne tsohuwar motar da na saya na shiga haya. Abokina da ya zuba nasa a sana'ar da bai sani ba, shekara ba ta zagayo ba ya dawo yana neman aikin gadi. Ƙanena, in hatsin kake so, ka fara bin yayanka kasuwa ranar Asabar ka koyi awo da sanin sabon wake da tsoho, albashinka yana shigowa.

Lauya:
Ƙarin bayani a kan maganar Baba direba. Kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ware. Ka noma masararka ka kai wa yayanka, ba mai ce maka komai. Ka ba shi kuɗi ya juya, shi ne mai gudanarwa, ku rubuta da shaidu ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Amma kada ka buɗe shago da sunanka ana tsakiyar tantancewa, takardar ƙorafi ɗaya ta ishe ka. In kuma aka ba ka takardar sallama, kada ka sa hannu a kan komai a ranar. Kotun ma'aikata ta ƙasa ce take jin irin wannan ƙara, kuma a garzaya da wuri, don lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar da ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara.

Wata malamar makaranta:
Ba wanda ya ambaci inshorar lafiya. Katin nan yana ɗauke da kai da maiɗakinka da yara huɗu 'yan ƙasa da 18, ranar da sunanka ya fita daga albashi ka fara lissafin kuɗin asibiti daga aljihu. Kuma don Allah ka gaya wa matarka halin da ake ciki. Ku maza sai ku haɗiye abu ku yi ta ramewa, mu muna zaton wata kuke nema.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, na gaya mata daren jiya, ta ce ai tun watan jiya ta lura. Na je kamfanin fansho, kashi ɗaya cikin huɗun ko bashin banki da ƙyar ya rufe. Na fasa ajiyewa. Saura maganar shekarar haihuwa da ba a taɓa ba. Wani a rajista ya ce in kawo wani abu ya gyara min fayil ya dace da NIN, wai ma na ƙara shekara biyu a aiki. Baba, me ka gani?

Tsohon jami'in mulki, mai ritaya:
Kul! Kada ka bari a taɓa fayil ɗin nan. A ƙa'idar aiki, ranar haihuwar da aka rubuta ranar da aka ɗauke ka ita ce taka har ka yi ritaya, kuma tana nan a IPPIS da wurin 'yan fansho, ba a rajistarku kaɗai ba. Masu tantancewa kankare da sabon tawada suke fara nema. Saɓanin da kake da shi yanzu kuskure ne, in aka kankare ya zama jabu, hukuncinsa kora. Shi kuma mai gyaran, a ranar ba za ka gan shi ba.

In 1979 ce gaskiya, NIN za ka gyara. Ka karɓi takardar shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya, ka nemi gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ka ajiye rasit, ko gyaran bai fito ba kafin ranar ka nuna musu ka fara. Ka duba BVN ma. Sannan ka haɗa takardar ɗaukar aiki, ta kama aiki, ta tabbatarwa, gazet, takardun ƙarin girma duka, da takardun albashi na watannin baya, ka yi kwafi biyu, ɗaya a gida. Wadda ka rasa ka rubuta neman ta a hukumance, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka kafin ka bar teburin.