Wane irin masara mai aure ya dace da noman kasuwa a gulbin Maradi?

Manomi daga Madarumfa:

Assalamu alaikum, manoma da malaman gona. Ina da hekta 3 a fadama, da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa, kuma na ƙudiri niyyar noman masara don sayar wa masu kiwon kaji a Maradi. Bara na shuka irin da na auno da tiya a kasuwa. Tun masarar ba ta kai gwiwa ba ganyen ya fito da zane-zane masu ruwan ɗorawa da suka bi tsawonsa, karan ya tsumbure, goyon da ta yi kuwa bai wuce tafin hannu ba. Na yi feshi sau biyu, ban ga canji ba. An ba ni shawarar in nemi iri mai aure, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban, mai jure cuta. Wanne zan saya, kuma yaushe ya kamata in shuka?

Malamin gona mai ritaya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka bayyana ya yi kama da cutar zanen ganye, wadda wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle yake ɗaukowa daga ciyawa da tsohuwar masara ya sa wa sabuwar shuka. Da zarar ta shiga jikin tsiro babu feshin da zai fitar da ita, shi ya sa kuɗin maganinka suka tafi a banza, kuma ta fi yin ɓarna idan ta kama masara tana ƙarama, kamar yadda ta yi maka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, babu irin da yake jure kowace cuta. Idan mai sayarwa ya ce maka irinsa yana jure cuta, ka tambaye shi wace cuta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta daɗe da fitar da iri masu jure wannan cuta, kuma sau da yawa za ka ga haruffan SR a sunansu, yayin da STR ke nufin jure ƙuduji. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma na sha ganin manomi ya sayi na ƙuduji alhali zanen ganye ne ya dame shi. Masu aure da suke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa yawanci na kamfanonin da ke Najeriya ne, kamar Oba Super na kamfanin Premier Seed da ke Zariya, da na Seed Co. An fi gwada su a wuraren da suka fi mu ruwan sama, saboda haka kafin ka zuba kuɗinka ka je cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ka nemi shawarar masu bincike. Ni da zan yi, sai in ware rabin hekta in jera iri biyu ko uku kusa da juna, har da P3 Kollo namu wanda ba mai aure ba ne, in ga da idona wanda ƙasata ta karɓa.

Manomi daga Jiratawa:

Malam ya yi gaskiya, sai dai zan ƙara da batun lokaci, domin shi ya taɓa kayar da ni. Na shuka mai aure a watan Fabrairu, ya tashi kore shar har mutane suna tsayawa kallo, amma ya fidda fure da gemu cikin zafin Afrilu. Da na ɓare goyo, sai na tarar da totuwa da ƴan ƙwayoyi jefi-jefi kamar bakin tsoho, domin zafin da ya haura digiri 38 yana kashe garin furen. Yanzu ina shuka a Oktoba ko farkon Nuwamba. Sanyi yakan jinkirta ta, amma tana gama fure kafin bazara. Idan da damina za ka yi, nemi mai kwana 90 zuwa 95, kuma injinka ya zauna a shirye ko da ruwa zai ɗauke a lokacin goyo. Ina zuba kilo 20 zuwa 25 na iri a hekta, santimita 75 tsakanin layi, 25 tsakanin rami, ƙwaya ɗaya a rami. Mai aure kuwa mai ci ne: takin gargajiya tun wajen gyaran ƙasa, takin zamani 15-15-15 a makonni biyun farko, sannan ure kafin ta fidda kai.

Wata mai kiwon kaji a Maradi:

Alhaji, bari in yi magana a matsayin mai saye. Mun fi son ja, domin ita ke sa gwaiduwar ƙwai ta yi launi, kuma ba ma karɓar wadda ta yi fumfuna, saboda gubar da ke cikinta tana karya kaji. Ka bari ta bushe sosai, ka shanya a kan tamfol, kada ta taɓa ƙasa.

Manomi daga Madarumfa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, idan gwajin ya yi kyau, zan iya ɗebe iri daga abin da na girbe in shuka baɗi?

Malamin gona mai ritaya:

A'a, Alhaji. Ƴaƴan mai aure ba sa gado daidai. Za su fito wani dogo wani gajere, amfanin ya ragu, jurewar ma ta raunana. Kowace shuka sai sabon iri a cikin ledarsa a rufe, mai ɗauke da suna da shekarar da aka sarrafa shi. Sannan kada jure cuta ya sa ka saki jiki da tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, domin ita ba ruwanta da SR. Ka riƙa leƙa cikin kunnen masara da sassafe sau biyu a mako, kuma da ka ga ganye ya huhhuje da kashinta kamar dusar katako, ka nemi malamin gonar yankinku tun tsutsar tana ƙarama.