Hazon da ke cikin fim ɗin McCabe & Mrs. Miller: aibu ne ko da gangan aka yi?

Ɗan'auta: Salamu alaikum. Kawu, na kalli faifan fim ɗin McCabe & Mrs. Miller da ka ara mini, wanda kamfanin Criterion ya fitar a 2016. Gaskiya ban ga gyaran da suka yi ba. Hoto dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazo, magana kuma kowa na yin tasa lokaci ɗaya. A wurina faifan nan bai ci kuɗinsa ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, hazon nan ai shi ne fim ɗin. Mai ɗaukar hoton, Vilmos Zsigmond, da gangan ya ɗan taɓa zaren fim ɗin da haske kafin a wanke shi, don launi ya koɗe kamar tsohon hoton da aka ciro daga adaka. Labarin na 1902 ne, a wani ƙauyen masu haƙar ma'adinai a jihar Washington. Koma farko, inda McCabe, jarumin labarin, ya shimfiɗa ƙyalle a tebur don caca, aka kunna fitila, fuskoki suka fara fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya. A tsohon DVD ɗina wurin nan duk a cakuɗe yake. A wannan faifan ka ga hazon, ka kuma ga mutanen da ke cikinsa. Gyaran ke nan.

Yaya Babba: Kawu, a hoto ina bayanka, amma a sauti yaron nan yana da gaskiya. Ko Warren Beatty, jarumin fim ɗin, ya koka da sautin. Mun san Robert Altman, daraktan fim ɗin, yana son surutu ya hau kan surutu kamar a kasuwa, sai dai akwai wuraren da kunne ba ya kama komai.

Malam: Ni damuwata daban ce. A silimar Kano muka tashi muna kallon kaboyi, mun san jarumi yana tsayawa tsakiyar titi ya fuskanci abokin gaba. McCabe kuwa ɗan caca ne mai gidan karuwai, yana laɓe-laɓe a bayan ɗakuna yana harbi daga ɓoye. Kada a kira shi fim ɗin kaboyi.

Anti: Malam, a gafarce ni, a 1971 aka yi shi, ana tsaka da yaƙin Biyetnam, matasan Amurka sun daina yarda da irin jarumin da kake faɗa. Kaboyi ɗaya tak na gaske a fim ɗin shi ne saurayin nan da Keith Carradine ya fito a matsayinsa. Safa zai je saye, aka tare shi a kan gada, aka yaudare shi ya taɓa bindigarsa, aka harbe shi ya faɗa ruwan ƙanƙara. Har yau wurin nan yana tsaya mini a rai. Kuma wa ya turo makasan? Kamfanin ma'adinai, don McCabe ya ƙi sallama musu dukiyarsa a farashin da suka taya.

Kawu: Allah ya yi miki albarka. Ga waƙoƙi uku na mawaƙi Leonard Cohen suna bin labarin a hankali kamar makoki. Garin ma kusa da Bankuba a Kanada suka gina shi, ana gini ana ɗauka. A ƙarshe jama'a na can suna kashe gobarar coci, McCabe na zaune ƙanƙara tana binne shi, abokiyar kasuwancinsa Misis Miller, wato Julie Christie, tana kwance tana zuƙar kayan maye na ofiyom. Babu wanda ya waiwaye shi.

Malam: Ya taɓa zuciya, ban musa ba. Amma ina nan a kan bakana.

Ɗan'auta: Kawu, da rana na kalla, taga a buɗe. Bar mini faifan zuwa Juma'a in sake kallo da dare, in kunna rubutun maganganun da ke fitowa a ƙasan allo.