Kwana uku a Giranada: me za mu gani, me za mu bari?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Taron da zan halarta a Madrid zai ƙare ranar Laraba a ƙarshen watan Afrilu, jirginmu kuma ba zai tashi ba sai daren Lahadi, saboda haka ni da maiɗakina muka yi niyyar gangarawa kudancin Sifaniya mu ga Giranada. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa a kan inda ya kamata mu fara, da inda za mu sami abincin halal da sallar Juma'a, da kuma ko lokacin zai ishe mu mu haɗa da Ƙurɗuba. Maiɗakin tawa tana fama da ciwon gwiwa, don haka doguwar tafiyar ƙasa tana ba ta wahala.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kama masauki, kafin ma ka yanki tikitin jirgin ƙasa, ka sayi tikitin shiga Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke kan tudun Giranada, a shafinsu na intanet, domin yakan ƙare makonni kafin ranar, kuma sauran shirinku duka a kansa zai rataya. Ana rubuta sunan mutum da lambar fasfonsa a jiki, a ƙofa kuma sai an nuna fasfon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sa'ar da aka rubuta ta shiga fadojin sarakunan Banu Nasr: wanda ya makara ba a barinsa ya shiga, kuma a wajena wanda bai ga waɗannan fadoji ba bai ga Alhamra ba. Muhammadu ɗan Ahmar ne ya fara ginin a 1238, zuriyarsa suka ci gaba da ƙawata shi har 2 ga Janairun 1492, ranar da Abu Abdullahi ya miƙa garin ga sarakunan Kirista, Fadinan da Isabela. A tsakar gidan da ke da zakuna 12 na marmara ɗauke da babban kwanon ruwa, kada ku biye wa masu ɗaukar hoto su yi gaba. Ku tsaya ku karanta bangon, tunda kuna da Larabci: "Wa la galiba illallah" ya zagaye ko'ina, ga kuma baitocin Ibn Zamrak, wazirin fadar, an sassaƙa su a jikin ginin. Na ga baƙi suna wuce rubutun a matsayin ado kawai, alhali mu muna iya karanta shi. Ku ware awa huɗu, har da lambunan Jannatul Arif, inda ruwan da aka jawo daga kogin Darro tun zamanin sarakunan yake gudana har yau. Ƙurɗuba kuwa, shawarata ku bar ta sai wani zuwan.

Injiniya Bashir: Yaya Nasiru, saboda gwiwar Anti kada ku kuskura ku hau tudun Alhamra ko unguwar Albaisin da ƙafa, domin hanyoyin masu gangara ne kuma da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su. Akwai ƙananan motocin safa jajaye masu tashi daga tsakiyar gari: C30 tana zuwa Alhamra, C31 tana zagaya Albaisin, C32 kuma tana haɗa su biyun. Ku tafi da takalmi mai taushin ƙasa da rigar sanyi, domin garin yana gindin duwatsun Siyera Nebada ne, kuma ko a Afrilu safiyarsa da darensa akwai sanyi.

Hajiya Rabi: Ni kan sallah da abinci zan yi magana, ƙanena. Babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 2003, yana saman Albaisin, gab da dandalin San Nikolas inda jama'a ke cunkoso don hangen Alhamra. Daga lambun masallacin ana ganin abin da suke gani, ga natsuwa, ga wurin zama. Ka lura da agogonsu, domin a wannan lokacin azahar ba ta shiga sai an haura ƙarfe 2, magariba kuma sai wajen ƙarfe 9. Wajen abinci, ku nufi layin Kalderiya Nuweba, inda 'yan Maroko suka jera shagunan shayi da gidajen abinci, za ku sami kuskus da naman rago. A sauran wurare al'adar garin ce idan ka sayi abin sha a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, kuma sau da yawa da naman alade a ciki, don haka ka riƙe kalmar "sin cerdo", ma'ana ban da alade, ko ka tsaya a kan kifi. Matan da ke miƙa wa baƙi reshen ganye a kusa da babban coci kuɗi za su nema idan ka karɓa, sai ka gode musu ka wuce.

Alhaji Mamman: Dakta, ki gafarce ni, amma ban yarda a bar Ƙurɗuba ba, domin ba kowa Allah ke nufa da zuwa sau biyu ba, kuma jirgin ƙasan da ke tsakanin Giranada da Madrid ta cikinta yake bi. Su taso ranar Asabar da hantsi, cikin ƙasa da awa biyu sun isa, su shiga tsohon babban masallacin garin da yamma, su kwana, Lahadi su ƙarasa Madrid. Na ce Asabar ne saboda ranar Lahadi ana taƙaita lokacin masu ziyara don ibadar coci. Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara ginin wajen 785, halifa Alhakam na Biyu ya yi mihrabin da har yanzu yake ƙyalli da ruwan zinari, ginshiƙai kuma sun kai 850. Tun 1236 wurin yake hannun coci, a 1523 kuma aka fara gina babban ɗakin ibadarsu a tsakiyarsa. Malam, ka sani tun yanzu cewa ba a yarda Musulmi ya yi sallah a ciki ba, masu gadi kuma suna sa ido, saboda haka ku yi sallarku a masauki. Ni da na tsaya gaban mihrabin nan sai da idona ya cika, domin na tuna Alfazazi, wanda muka tashi muna jin Ishiriniyarsa a Maulidi, haifaffen garin ne. Kuma a garin babu hawa da gangara kamar Giranada, zai fi wa maiɗakinka sauƙi.

Dakta Hadiza: Na karɓi wannan, Baba Alhaji, matuƙar ba za su ƙara da Madinatuz Zahra ba, wato kufan birnin halifofi, wadda take kilomita 8 daga Ƙurɗuba kuma tafiyar ƙasa ce a tsakiyar rana. Da safiyar Asabar kafin jirgi, Malam, ku leƙa makarantar da Sarki Yusufu na Ɗaya ya kafa a 1349, tana tsakiyar Giranada a fili, daura da inda aka binne Fadinan da Isabela. Ɗakin sallarta kaɗai ya rage daga tsohon ginin, minti ashirin ya isa. A garin nan ne Alƙali Iyal mai Asshifa ya taɓa riƙe alƙalanci, daga nan kuma Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, ya rasu a Tumbuktu.

Malam Nasiru: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba yanzu, tikitin Alhamis da na Asabar sun ƙare, amma na samu guda biyu na Juma'a, shiga fada ƙarfe 9 na safe, kuma na biya. Idan mun fito sai mu hau C32 zuwa masallaci, Asabar kuma mu bi tsarin Alhaji. Injiniya, ko za ka taimaka mana da unguwar da ta fi dacewa mu kama masauki, wadda mota ke iya kaiwa har bakin ƙofa?

Injiniya Bashir: Ku nema a kusa da dandalin Plaza Nueva ko kan titin Gran Vía, Yaya, domin wajen shimfiɗe yake kuma motocin nan suna tsayawa a kusa. Kada ku kama a cikin Albaisin komai kyawun hotunan da za a nuna muku, saboda yawancin lungunanta tasi ba ta shiga, kuma da hannu za ku ja akwati a kan duwatsu.